Me Ya Sa Tekun Hudson Ke Daskarewa, Kuma Me Dabbobinsa Ke Ci?

"Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Ɗalibaina sun nuna min wani bidiyo na fararen beyar suna yawo a bayan wani gari mai suna Churchill a ƙasar Kanada, a bakin Tekun Hudson, da kuma wasu fararen dabbobin ruwa da suka cika bakin kogi. Da na duba taswira sai na ga garin bai fi arewacin Sikotland shiga arewa ba, amma an ce tekun nasu daskarewa yake yi gaba ɗaya. Me ya kawo haka? Me waɗannan manyan dabbobi suke ci a ruwa mai sanyi irin wannan? Sannan idan duniya tana ɗumama ƙanƙarar tana narkewa, ba sauƙi suka samu ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, kuma ka gaishe min da ɗaliban naka, don sun iya zaɓen abin kallo. Tambayoyinka uku ne: dalilin daskarewar, abincin dabbobin, da abin da narkewar ƙanƙara za ta jawo musu. Amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka, wato lokacin da ƙanƙara ke zuwa da lokacin da take tafiya. Aikina nazarin ƙanƙarar teku ne ta hotunan tauraron ɗan'adam, kuma gaɓar yamma ta wannan teku, wajen Churchill ɗin da ka ambata, ita ce na taka da ƙafata. Saboda haka za ka ga na fi daɗewa a can, gefen gabas kuwa abin da masu bincike da mafarautan yankin suka tabbatar zan kawo maka.

Yadda wurin yake

Tekun Hudson wani ƙaton lungu ne da ruwan teku ya kutsa cikin ƙasar Kanada ta arewa maso gabas. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.2, ka ga ke nan ya fi Najeriya girma. Sai dai duk wannan faɗi ba shi da zurfin kirki. Matsakaicin zurfinsa wajen mita 100 ne, inda ya fi zurfi ma bai kai mita 300 ba, alhali matsakaicin zurfin Tekun Atlantika ya haura mita 3,000. Ƙofofinsa biyu ne. Ta arewa maso gabas akwai Mashigar Hudson da ke haɗa shi da Atlantika. Ta arewa kuma akwai yankin ruwan Foxe, wanda wata siririyar mashiga mai suna Fury da Hecla ke shigo masa da ruwan sanyi daga Tekun Aktik. Can kudu yana da wata jela da ake kira lungun James. Ruwan cikinsa kewayawa yake yi saɓanin hannun agogo: ya gangaro ta gaɓar yamma, ya lanƙwasa ta kudu, ya haura ta gabas, ya fice ta mashigar. Ka riƙe wannan kewaye, za mu buƙace shi a gaba.

Lardunan Manitoba da Ontario da Quebec da yankin Nunavut su suka kewaye shi. Mutanen Inuit ne a gaɓar arewa da ta arewa maso yamma da ta gabas, mutanen Cree a kudu, kuma sun daɗe ƙwarai a wurin kafin wani Bature ya leƙo. Sunan ya samo asali ne daga Henry Hudson, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila da ya shigo a 1610 yana neman hanyar zuwa Asiya. Ƙanƙara ta tsare jirginsa a lungun James har hunturu ya wuce, a watan Yuni na 1611 mutanensa suka yi masa tawaye, suka sa shi da ɗansa da wasu mutum bakwai a ƙaramin kwalekwale suka sake su, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. A 1670 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba wani kamfanin fataucin fatu ikon cin gajiyar duk ƙasar da kogunanta ke malala cikin wannan teku.

Akwai wani abu a nan da ɗalibanka za su so. Ƙasar wurin tashi take yi. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe wani tulin ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu zuwa uku ya zauna a kan wannan yanki, nauyinsa ya danna ɓawon ƙasa ya lotsa. Wajen shekara 8,000 da suka wuce tulin ya narke, tun daga lokacin ƙasar ke ta miƙewa a hankali, har yau tana hawa kimanin santimita ɗaya a shekara. In ka bi gaɓar ta jirgin sama za ka ga tsofaffin bakin teku jere, layi bayan layi na tsakuwa, sun yi nisa cikin tudu. A tsallaken kogin Churchill akwai wani ɗan lungu, Sloop Cove, inda ma'aikatan kamfanin fatun nan suke ɗaure jiragensu a ƙarni na 18. Zobban ƙarfen da suka kafa a jikin dutse suna nan, da sunayen da suka sassaƙa, har da na Samuel Hearne mai ɗauke da shekarar 1767. Na tsaya a wurin ina duba zobban, ciyawa ce a ƙarƙashinsu, wurin da jirgi ke shiga a da yanzu ko kwalekwale sai ya yi da gaske.

Dalilin daskarewar

Ka lura daidai, Malam. Churchill yana kusa da digiri 59 a arewa, kusan layi ɗaya da ƙarshen arewacin Sikotland, kuma birnin Oslo na Norway ma ya ɗan fi shi shiga arewa. Ƙarshen lungun James kuwa yana layi ɗaya da Landan. Amma matsakaicin sanyin Janairu a Churchill yana kaiwa digiri 26 ƙasa da sifiri.

Bambancin daga iska da ruwa yake. A wannan sashe na duniya iska ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Kafin ta isa Turai sai ta ratsa Atlantika, wanda igiyar ruwan ɗumi daga wajen Tekun Meziko ke ɗumama shi, sai ta iso musu da ɗumi da laima. Iskar da ke isa Tekun Hudson kuwa daga arewa maso yamma take fitowa, ta bi ta kan busasshiyar ƙasa daskararriya, babu wani dutse mai tsawo da zai tare ta. Ruwan ɗumin nan na Atlantika ba ya shigowa ciki, abin da ke shigowa na Aktik ne.

Rashin zurfi shi ma ya taimaka, domin ruwa kaɗan ba ya ajiye zafi da yawa. Sai kuma koguna. Ƙasar da ke zubo ruwanta cikin wannan teku ta kai murabba'in kilomita miliyan 3.8, ta miƙe tun daga duwatsun Rocky a yamma har cikin jihohin Minnesota da Dakota ta Arewa a Amurka. Kogin Nelson da Churchill da Severn da Albany da La Grande da wasu da dama duk nan suke ƙarewa. Ruwan daɗi ya fi ruwan gishiri rashin nauyi, don haka sai ya kwanta a sama bai gauraya sosai ba. Ruwan teku cikakke sai ya kai kusan digiri 1.8 ƙasa da sifiri yake daskarewa, wanda aka tsarma da ruwan kogi kuwa ya fi saurin kamawa. Kuma da yake wannan shimfiɗa ta sama ba ta nitsewa ta ba ruwan ƙasa wuri, ita kaɗai sanyin ke buƙatar sanyayawa.

A taswirorin da nake aiki da su, ƙanƙara tana fara bayyana a arewa maso yamma daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ta gangaro kudu, zuwa ƙarshen Disamba ko farkon Janairu kusan ko'ina ya rufe. Kaurinta yana kaiwa mita ɗaya zuwa biyu wajen Afrilu. Daga Yuni take fara watsewa, ragowarta kan taru a kudu maso yamma, tsakanin Churchill da lungun James, inda iska da kewayen ruwa suka tura ta, ta ƙarasa narkewa a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Babu ƙanƙarar da ke kwana shekara a nan. Ita kanta ƙanƙarar tana ƙara wa yankin sanyi, domin farinta yana mayar da hasken rana sama a watannin da ya kamata a ce ruwan yana shan zafi.

Abincin yana farawa ne daga ƙarƙashin ƙanƙara

Bari in fara da gyara wani zato. Ganin manyan dabbobi kan sa mutum ya ɗauka tekun cike yake da kifi. Tekun Hudson ba mai yalwa ba ne in aka gwada shi da tekun Norway ko na Iceland, shi ya sa babu manyan jiragen kamun kifi a cikinsa. Shimfiɗar ruwan daɗin nan ta sama ita ce ta hana takin da ke kwance a ƙasan teku tasowa inda hasken rana yake. Abincin da ke akwai yana zuwa ne a dunƙule, cikin gajeren lokaci, a wurare sanannu, kuma dabbobin wurin gwanaye ne wajen cin na ƙoshi lokaci guda su mayar da shi kitse.

In aka huda ƙanƙarar a watan Afrilu ko Mayu aka zaro guntunta, za ka ga samanta fari tas, amma santimita biyu ko uku na ƙasanta sun yi launin ruwan ƙasa, kamar an tsoma su a shayi. Gansakuka ce mai ƙananan ƙwayoyi da ke tsiro a jikin ƙanƙarar da ɗan hasken da ke ratsowa. Ita ce abincin farko na shekara, tun kafin ruwan ya buɗe. Wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande, waɗanda ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, su ke kiwo a kanta, su tara mai a jikinsu. Wani ɗan kifi mai suna kod na Aktik, wanda yawanci bai kai tsawon taƙi ɗaya da rabi ba, shi ke cin su. Wannan kifi yana da wani sinadari a jininsa da ke hana shi daskarewa, kuma yana fakewa a tsagogin ƙanƙara. Shi ne tsanin da kitse ke bi ya hau zuwa manyan dabbobi. Gansakukar da ba a cinye ba kuma takan nitse, da yake tekun ba zurfi sai ta isa ƙasa da sauran amfaninta, ta ciyar da tsutsotsi da halittu masu ɓawo. Waɗannan su ne abincin walrus, ƙatuwar dabbar nan mai haure biyu da ake samu a arewacin tekun, wajen tsibiran Coats da Southampton.

Sai dabbar da ake kira sil, mai shayarwa ce da ke iyo da ƙafafu masu kama da filafili. Irin da ya fi yawa a nan shi ne ƙarami mai zanen zobba a baya, nauyinsa kilo 50 zuwa 70. Yana da farata masu ƙarfi a ƙafafun gaba da yake kankare ramukan shaƙar iska da su, ya hana su toshewa duk tsawon hunturu. A Maris da Afrilu macen takan haƙa ɗan ɗaki a cikin dusar ƙanƙarar da ta taru a kan ramin, ta haihu a ciki. Nononta mai ne zalla, kafin a yaye ɗan kusan rabin jikinsa ya zama kitse. Ka ga ke nan wannan dabba tana buƙatar abu biyu: ƙanƙarar da ba za ta fashe da wuri ba, da dusa mai kaurin da za ta rufe ɗakin.

Farin beyar

Wannan ɗan sil mai kitse shi ne rayuwar farin beyar. Beyar yana iyo sosai, amma a cikin buɗaɗɗen ruwa sil ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Sai a kan ƙanƙara yake da galaba: ko ya kwanta shiru a bakin ramin shaƙar iska yana jira, ko ya sunsuno ɗakin haihuwa ta cikin dusa, ya miƙe tsaye ya rufta shi da ƙafafunsa na gaba. In ya samu ya ƙoshi, fata da kitse yake ci ya bar tsokar, dila da hankaki su ƙarasa. Daga Afrilu zuwa lokacin da ƙanƙarar ta watse, nan yake tara mafi yawan kitsen da zai kai shi shekara. Watannin ƙanƙara su ne kakarsa, cikinsa kuma shi ne rumbunsa.

Da ƙanƙara ta ƙare a Yuli sai ya fito tudu, ya shiga zaman jira na wajen wata huɗu. Na ga irinsu a gaɓa a lokacin, kwance cikin ciyawar teku da igiya ta watso, ko a cikin ɗan ramin da suka tona a yashi don su sha sanyi, ba sa ko son ɗaga kai. Ba lalaci ba ne, tattalin kitse ne. Sukan ɗan taɓa 'ya'yan itatuwa da ƙwan dinya da mushe in sun samu. An yi wani bincike kusa da Churchill daga 2019 zuwa 2022, aka rataya wa beyar 20 kyamara a wuya ana kallon abin da suke yi a tudu. Wasu sun yi ta yawon neman abinci, wasu sun kwanta kawai, amma 19 daga cikinsu sun rame, suna zubar da kimanin kilo ɗaya kowace rana. Ɗayan da ya ƙaru, mushen dabbar teku ya tsinta.

Mace mai ciki ita ce abin tausayi. Ba ta komawa kan ƙanƙara a Nuwamba tare da sauran. Takan shiga cikin tudu, kudu da Churchill, a yankin da aka mayar gandun daji na Wapusk a 1996, ta tona rami a jikin gaɓar tafki, dusa ta rufe ta. A nan take haihuwa wajen Disamba, jariran ba su kai kilo ɗaya ba, ta shayar da su har ƙarshen Fabrairu ko Maris kafin ta ja su zuwa teku. Ka lissafa daga Yuli zuwa Maris, wata takwas ke nan ba ta ci ba, tana kuma shayarwa.

Abin da ya kawo su bayan garin Churchill kuwa, ka tuna kewayen ruwan nan. Gaɓar wajen tana da wata ƙugiya ta ƙasa da ta miƙe gabas, ita ke tare ƙanƙarar da ke gangarowa daga arewa, ga kuma ruwan daɗin kogi. Don haka wurin na cikin inda ake fara samun ƙanƙarar da za ta ɗauki nauyin beyar, su kuma sun san da haka, sai su taru a Oktoba da Nuwamba suna jira. Garin, mai mutane ƙasa da dubu ɗaya, wanda ba titin mota da ke zuwa sai jirgin ƙasa ko na sama, ya zauna ne a kan hanyarsu. Akwai jami'an da ke sintiri suna korarsu da harsashin tsoratarwa. Wanda ya ƙi ji sai a kama shi a kai shi wani gini da mutanen gari ke kira kurkukun beyar, a ba shi ruwa kawai ba abinci, don kada ya ɗauka garin wurin ci ne, har ƙanƙara ta kama a sake shi, ko a ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu a kai shi arewa.

Fararen da ke bakin kogi

Waɗannan su ne beluga. Ba kifi ba ne, masu shayarwa ne, iska suke shaƙa ta wata kafa a saman kai. Tsawonsu mita uku zuwa biyar. Ana haihuwarsu da launin toka, sai sun girma suke yin fari. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2015 ta nuna sun haura 54,000 a yammacin tekun, wanda ya sa wannan garke cikin mafi girma a duniya. Hunturu a Mashigar Hudson yawancinsu suke yinsa, inda ƙarfin ruwa ke hana ƙanƙara haɗewa, da ta buɗe a Yuni sai su biyo ta zuwa bakin kogunan Nelson da Seal da Churchill.

In kana cikin ƙaramin jirgi a bakin kogin Churchill a Yuli, su za su zo su same ka. Sukan bi bayan jirgin, ɗaya ya mirgina gefe ya juyo da kai ya dube ka, domin ƙasusuwan wuyansu ba a manne suke ba kamar na yawancin danginsu. In aka zura makirufon ruwa, sai ka ji fito da ƙyas-ƙyas da wani ƙara kamar na ƙofar da ba a sa wa mai ba, duk a lokaci guda. Jarirai masu launin toka suna manne da gefen iyayensu.

Dalilin taruwarsu a bakin kogi, masana ba su tsaya a kan guda ba. Akwai masu cewa ɗumin ruwan kogi ne ke taimakon jarirai da ba su tara kitse ba. Akwai batun saɓa, domin sukan zo da tsohuwar fata mai rawaya-rawaya, su yi ta goga jiki a tsakuwar ƙasan kogi, ruwan daɗi mai ɗumi yana saurin ɓare ta. Akwai kifin da ke zuwa gaɓa ya yi ƙwai a lokacin. Akwai kuma tsaro, don ruwan ya yi wa maƙiyinsu orka, wanda zan zo kansa a gaba, ƙaranci. Ni na fi karkata ga saɓa da tsaro, amma ba na jin dalili ɗaya zai ɗauke duka. Abin da aka tabbatar shi ne uwa ce ke koya wa ɗa kogin da za a je, kuma suna komawa wuri guda shekara da shekaru. Wannan ɗabi'a ta cuci na gefen gabas: a tsakiyar ƙarni na 19 kamfanin fatun nan ya kashe dubbansu a bakin kogunan Great Whale da Little Whale, har yau garken gabas bai wuce 'yan dubbai ba.

A arewacin tekun akwai wasu dangin beluga biyu: narwal mai dogon haƙori guda kamar mashi, da bohed, ƙaton da ke iya rayuwa sama da shekara 200, wanda maharban Amurka da Sikotland suka kusa ƙarar da shi a nan tsakanin 1860 da 1915.

To, narkewar sauƙi ce?

Ga wasu, e. Ga waɗanda ɗalibanka suka gani, akasin haka ne. A yammacin tekun, lokacin da ruwa ke zama ba ƙanƙara ya ƙaru da mako uku zuwa huɗu in aka gwada da shekarun 1980. Ga beyar, wannan ragi ne ta baki biyu: an gutsure masa ƙarshen lokacin farauta, wanda shi ne mafi maiƙo, an kuma tsawaita masa zaman yunwa. A shekarun 1980 ana ƙiyasta beyar na yammacin tekun da wajen 1,200. Ƙidayar 2016 ta ba da 842, ta 2021 ta ba da 618, kuma mata da ƙanana ne suka fi raguwa.

A nan dole a yi hattara da alƙaluma. Ƙidaya ce ta jirgin sama, ƙiyasi ne mai faɗin kuskure, kuma akwai alamar wasu sun ƙaura zuwa garken kudu, wanda a wannan ƙidaya ta 2021 ya ƙaru. Mafarautan Inuit a garuruwa irin su Arviat suna cewa beyar da suke gani yanzu sun fi na da yawa, kuma gaskiya suke faɗa game da abin da idonsu ya gani. Dabbar da ta daɗe a tudu da yunwa dole a fi ganinta kusa da gari. Abin da ya fi gamsar da ni ba ƙidayar ba ce, awon jikin dabbobin ne da aka shafe shekaru da dama ana yi: nauyin mata ya ragu, 'ya'yan da ke kai ga girma sun ragu, kuma shekarun da ƙanƙara ta watse da wuri su ne suka fi muni.

Canjin ya taɓa har ƙasan tsanin. A tsibirin Coats akwai wasu tsuntsayen teku masu nutso da ke sheƙa a jikin dutse, tun farkon shekarun 1980 masu bincike ke zama suna rubuta irin kifin da iyaye ke kawo wa 'ya'yansu a baki. Da farko kod na Aktik ne ya fi yawa. Daga tsakiyar shekarun 1990 sai kafelin, ɗan kifin ruwan da bai kai wannan sanyi ba, ya karɓe wurin. Ba wanda ya jefa koma, tsuntsaye ne suka ba da labarin.

Wanda ya ci ribar buɗewar ƙofa shi ne orka, baƙar dabbar ruwan nan mai fari a ƙasan cikinta da ke farauta a garke. Tana da dogon filafili a tsaye a gadon bayanta da ke hana ta sakewa cikin ƙanƙara, beluga da narwal da bohed kuwa ba su da shi, shi ya sa ƙanƙara ta zame musu mafaka. Tun daga tsakiyar ƙarni na 20, da ƙanƙarar Mashigar Hudson ta fara sassautawa, ake ƙara ganin orka a cikin tekun. Su ma baƙi ne, ba su gama sanin wurin ba. A Janairun 2013 wajen goma sha biyu suka maƙale kusa da garin Inukjuak, suna karɓa-karɓa wajen shaƙar iska a rami ɗaya, har iska ta juya ƙanƙarar ta tsage suka ɓace. A 2016 kuma an tsinci gawarwakin wasu a tsibiran Belcher.

Akwai wani canji da ba na ɗumamar duniya ba ne, kuma ba a cika ambatonsa ba. Tun shekarun 1970 aka gina manyan madatsun wutar lantarki a kogin La Grande na Quebec da kogin Nelson na Manitoba, har aka karkatar da yawancin ruwan kogin Churchill zuwa Nelson. A da, ruwan daɗi yana kwararowa ne in dusa ta narke a Mayu da Yuni. Yanzu ana tare shi, a sake shi a hunturu lokacin da birane ke buƙatar wuta don ɗumama gidaje. Mutanen Sanikiluaq a tsibiran Belcher, waɗanda rayuwarsu ke haɗe da wata agwagwar teku mai suna eida da ke yin hunturu a 'yan wuraren da ruwa ba ya daskarewa, sun daɗe suna kokawa cewa ƙanƙarar ta canja hali, wuraren nan kan rufe ba zato agwagin su mutu. Raba tasirin madatsa da na yanayi aiki ne mai wuya, ana kan yinsa tare da mafarautan.

In kana so ɗalibanka su gani da idonsu, Malam, hukumar lura da ƙanƙara ta Kanada tana fitar da taswirar Tekun Hudson kowane mako a intanet, da na shekarun baya, kyauta. Ka sa su ɗauko ta tsakiyar Yuli da ta ƙarshen Nuwamba na shekaru daban-daban, su nemo makon da ƙanƙara ta bar gaɓar Churchill da makon da ta dawo, su ƙirga kwanakin da ke tsakani. Su ɗauki shekaru da yawa, don shekara ɗaya tana iya saɓa wa 'yar'uwarta da mako biyu ko uku. Kowace rana a cikin lissafin, su cire wa beyar kilo ɗaya.